Gwanayen Gashi: Masu Sauƙaƙa wa Mai Dajin Hanyar Maɗaciya

Akwai maganar da likita kan faɗa wa 'yan jinya da murya ƙasa-ƙasa, wadda kan kashe musu jiki nan take: "Abin ya yi nisa, aiki ba zai yiwu ba." A karkarar arewacin Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa har Kunci, Tsanyawa da Bichi, an saba ɗaukar wannan magana a matsayin sallama. Sai a naɗe tabarma, a nemi mota, a koma gida a jira hukuncin Allah. Alhali cutar da ta fi ƙarfin warkewa ba ta fi ƙarfin sauƙi ba. A kan wannan gaskiya wasu bayin Allah suka gina sana'arsu, wato ma'aikatan sashen gashin cutar daji. Sun cancanci a san aikinsu, kuma babu inda gwanintarsu ta fi fitowa fili irin wajen mai dajin hanyar maɗaciya, domin wuri ne matsattse, kuma mai ciwon ba shi da lokacin ɓatawa.

Inda cutar take kama mutum

Hanta takan sarrafa ruwan ɗaci kullum, abin da ya kai rabin lita ko fiye. Ruwan yana bin ƙananan hanyoyi a cikin hantar, waɗanda ke haɗuwa su zama biyu, ta dama da ta hagu, sannan biyun su haɗe su zama ɗaya. Maɗaciya tana gefe tana ajiyar ruwan, babbar hanyar kuwa ta gangara ta zube a farkon ƙaramin hanji, inda ruwan ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Faɗin wannan hanya a jikin baligi bai cika wuce milimita 6 ko 7 ba. Saboda haka ƙari ɗan mitsitsi ya isa ya toshe ta. Daji na iya tsirowa a cikin hanta, ko can ƙasa kusa da hanji, amma ya fi son mahaɗar hanyoyin nan biyu, wurin da wani likitan Amurka, Gerald Klatskin, ya yi bayaninsa a 1965, har ake kiran ƙarin da sunansa.

Da zarar hanya ta toshe, ruwan ɗaci sai ya koma cikin jini. Idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, abinci ya fita daga rai, mutum ya yi ta rama. Abin da ya fi gallabar mai ciwon shi ne ƙaiƙayi. Yakan tsananta da dare, ya kama tafin hannu da tafin ƙafa, har ka ga dattijo mai kamun kai ya ɗauki totuwar masara yana susa sai jini ya fito. Ba barci, ba natsuwa a salla. Mutanen gida su ce shawara ce, a jiƙa rawaya, a nemo saiwoyi, wata ya shige, wani ya biyo. Kafin a je babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi a ɗauki hoton ciki, a tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano, ƙarin ya riga ya naɗe jijiyoyin jinin hanta ko ya yi nisa zuwa wasu sassa. Ko a ƙasashen da ke da wadatar asibitoci, yawancin masu wannan cuta ba a gano su sai bayan lokacin tiyata ya wuce.

Cutar ba ta da yawa a wurinmu idan aka kwatanta da arewa maso gabashin Tailan, inda wata tsutsar hanta da ake samu daga cin ɗanyen kifi ta sa ta zama ruwan dare. Wanda ya fi addabarmu shi ne dajin hantar kanta, saboda yawan ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na baligan Nijeriya, da kuma gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu. Gwanintar da ake magana a kanta tana amfanar duka biyun.

Aikin farko ga wanda hanyarsa ta toshe shi ne a buɗe wa ruwan mafita. Likita ya zura siririn bututu ta baki har zuwa hanji, ko ya huda ta gefen haƙarƙari, ya ratsa wurin da ya toshe, ya bar ɗan bututun roba ko na ragar ƙarfe a ciki. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayi ya fara lafawa, rawayar ido ta biyo baya a hankali. Sai dai ƙarin bai daina girma ba. Bututun roba yakan toshe cikin wata uku ko makamancin haka, na ƙarfe ya fi daɗewa, amma daji na iya kutsawa ta ragarsa. Ga kuma ciwo mai cin rai a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda kan harba zuwa baya. A nan masu gashi ke karɓar aiki.

Awo kafin a kunna inji

Mutane da yawa suna tsoron gashi don suna zaton wuta za a sa musu. Abin da injin ke fitarwa wani irin haske ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, sai dai wannan ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin dajin ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Mai ciwo ba ya jin zafi ko ɗumi sa'ad da ake yi. Matsalar ita ce hasken bai san na gida ba, bai san baƙo ba. Duk abin da ya tarar a gabansa yana taɓawa.

Duk wanda ya san gonakin Minjibir ko Dawakin Tofa ya san babu taki ɗaya da ba shi da mai shi. Gona na manne da gona, kuma gwanin huɗa shi ne wanda ke juya shanunsa daidai kan iyaka ba tare da sun taka shukar maƙwabci ba. Haka cikin mutum yake a wajen hanyar maɗaciya. Farkon ƙaramin hanji yana jingine da ita, kuma idan ya sha haske fiye da kima sai ya yi gyambo ya zubar da jini. Tumbi yana hagu, ƙodar dama tana baya, laka tana cikin ƙashin baya, ita kanta hantar da ta rage lafiya ana bukatarta. Ƙari a kan haka, wurin ba ya zama cik. Duk numfashin da mutum ya ja, hanta na sauka ta hau da santimita ɗaya zuwa biyu.

Shi ya sa ranar farko ba a gashi, awo ake yi. A ce an kawo wani manomi daga Kunci. Ma'aikaciyar na'ura za ta kwantar da shi rigingine a kan wani gado mai tauri, ta ɗaga hannuwansa bisa kai, ta sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa, ta yi ta gyara shi har sai ta sami kwanciyar da zai iya maimaitawa gobe da jibi ba tare da wahala ba. "Sannu Baba, haka ya yi maka? To kada ka motsa, ka riƙa numfashi a hankali yadda ka saba." Siraran layukan haske na leza suna fitowa daga bango da rufi su gicciye a jikinsa. Inda suka haɗu sai ta ɗiga alama uku, ɗaya a gaba, biyu a gefe, ta gargaɗi ɗansa kada a goge su wajen wanka. Daga nan a ɗauki hoton CT, wanda ke nuna ciki yanka-yanka, tsakanin kowane yanka da na gaba 'yan milimitoci.

Likitan daji ya zauna gaban kwamfuta ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya zagaye ƙarin da launi guda, ya ƙara masa ɗan fili saboda motsin numfashi, sannan ya zagaye hanji, ƙoda, tumbi da laka, kowanne da launinsa da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan ya faɗaɗa da yawa ya cuci hanji, idan ya matse da yawa ƙarin ya zille. Babu littafin da zai yanke masa wannan hukunci a kan kowane majinyaci. Ido ne da ya ga ɗaruruwan hotuna, da zuciyar da ta san wanda ke kwance.

Bayansa sai masanin kimiyyar lissafin haske, mutumin da majinyata ba su cika gani ba. Shi ke tsara ta inda hasken zai shiga. Maimakon a harba shi ta gefe guda, sai a raba shi ta kusurwa uku, huɗu ko fiye, ko injin ya riƙa zagaya mutum yana harbawa. Kowace hanya ta ɗauki kaɗan, amma duka su haɗu a kan ƙarin. A bakin injin zamani akwai siraran ƙarafa masu nauyi da yawansu kan kai 120, waɗanda ke matsawa su fitar da siffar ƙarin daidai, su tare sauran. Kowace safiya, kafin a kwantar da kowa, sai an gwada injin an tabbatar abin da yake fitarwa bai kauce wa lissafi ba. Mai aiki da injin da ke amfani da sinadarin kobal yana da ƙarin lissafi, domin ƙarfin sinadarin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata, ya koma rabi cikin shekara biyar da wata uku. Gashin da ake yi cikin minti biyu da sabon sinadari zai ci minti huɗu bayan wannan lokaci, kuma dole a riƙa gyara lissafin wata-wata.

Ranar gashi kuwa, ma'aikaciyar ta daidaita alamomin nan uku da layukan leza, ta ɗauki hoton tabbatarwa, ta fita ta rufe ƙofa mai kauri. Tana kallonsa ta kyamara, tana yi masa magana ta lasifika: "Baba, muna ganinka. Saura kaɗan." Duka-duka minti goma zuwa ashirin, kuma mafi yawansu a gyaran kwanciya suke tafiya.

Gashi daga ciki

Wasu cibiyoyin suna da wata dabara ta biyu. Tunda bututu ya riga ya ratsa wurin da ya toshe, sai a zura wata siririyar roba ta cikinsa. Na'ura ta turo ɗan ƙwayar sinadarin iridiyam mai tsawon 'yan milimitoci a bakin waya, ya tsaya a nan daƙiƙu kaɗan, ya matsa gaba ya sake tsayawa, har ya gama tsawon ƙarin, sannan ya koma ma'ajiyarsa. Hikimar ita ce ƙarfin haske yana faɗuwa da sauri da zarar an yi nisa da tushensa: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka bangon hanyar, zuwa kamar santimita ɗaya, shi ke shan mafi yawa, maƙwabta su tsira. Manufar ita ce a jinkirta toshewar bututu, mai ciwo ya ƙara samun makonni ko watanni babu ƙaiƙayi. Iridiyam yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana 74, shi ya sa ake sauya shi kusan kowane wata uku.

Lissafin kwanaki

Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira Gray, sunan wani masanin Ingila. A birnin Faris, cikin shekarun 1920, Claudius Regaud ya yi gwaji a kan raguna. Ya ga idan aka haska marainan rago da ƙarfi a zama ɗaya don hana shi haihuwa, fata na lalacewa, amma idan aka raba hasken kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, sai a cim ma buƙata fata kuma ta tsira. Dalili shi ne nama mai lafiya ya fi daji iya gyara kansa tsakanin zama da zama. Daga nan aka samo al'adar gashi kullum, Litinin zuwa Juma'a, har mako biyar ko shida, ga wanda ake fatan ya warke.

Mai dajin hanyar maɗaciya da ya yi nisa lissafinsa daban ne. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa da haɗin magunguna biyu na ƙarin ruwa, matsakaicin abin da irin waɗannan majinyata suka rayu wata 11.7 ne, da magani ɗaya kuwa wata 8.1. Rai na hannun Allah, amma likita mai gaskiya ya san da watanni yake aiki. Idan ya cinye mako shida daga ciki a barandar asibiti, ya ci amanar mai ciwo. Saboda haka gashin sauƙaƙawa gajere ne: Gray 30 a zama 10, ko 20 a zama 5, ko ma 8 a zama ɗaya tak.

Wannan gajartawa tana da hujja. Idan daji ya kama ƙashi, kusan mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙin ciwo bayan gashi, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna zama ɗaya na Gray 8 yana kashe ciwo kamar zama goma, illa dai an fi bukatar maimaita shi. A Kanada, Dakta Laura Dawson da abokan aikinta sun gwada zama ɗaya ga masu ciwon da dajin hanta ya haddasa. Sakamakon da suka fitar a 2024 ya nuna kashi 67 cikin 100 na waɗanda aka gasa sun sami sauƙi bayan wata guda, a waɗanda ba a gasa ba kuwa kashi 22.

Ga mutumin birni wannan bambancin kwanaki ne kawai. Ga manomin Makoɗa kuwa bambanci ne tsakanin sayar da akuya biyu da jinginar da gona. Kowane kwana a Zariya ko Katsina, inda ake gashin, kuɗin makwanci ne da abinci na mutum biyu ko uku, ga ɗan da ya bar noman damina ya zo jinya. Gwanin likita yakan tambaya, "Malam, daga ina kuka zo? Wa kuka bari a gida?" kafin ya rubuta adadin zama, domin amsar tana cikin magani.

Yakan kuma faɗi gaskiya tun da wuri. Za a ji gajiya. Za a iya jin tashin zuciya, shi ya sa ake ba da maganin amai kafin a shiga. Ciwon na iya ɗan tashi kwana ɗaya ko biyu kafin ya lafa, cikakken sauƙi kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu. Gashin ciki ba ya zubar da gashin kai. Wanda aka gasa ba ya ɗauke da komai a jikinsa da zai cuci wani: ya ci tuwo kwano ɗaya da iyalinsa, ya ɗauki jikansa, ya shiga sahu. Idan kuwa zazzaɓi da rawar ɗari suka taso, ko rawayar ido ta dawo, ko bayan gida ya yi baƙi, to a koma asibiti a ranar, kada a kwana.

Inda ake samu

Duniya ta fara gashi da injin kobal a Kanada a 1951, Legas ta sami nata a 1973. A arewa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, kimanin kilomita 150 daga Kano, ya daɗe yana ɗauke da nauyin jihohi masu yawa, kuma ya horar da likitocin wannan fanni da dama. Akwai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Kano an ƙaddamar da cibiyar kula da masu daji a Giginyu a 2023, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe sabuwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wadda ke kan hanyar mutanen Bichi da Tsanyawa. Maƙwabciyarmu Nijar ta buɗe tata ta farko a Yamai a 2021. Duk da haka injinan sun yi kaɗan ƙwarai ga yawan jama'a. Na zamani yana son wutar lantarki tsayayya da injiniya a kusa, kuma lalacewar inji a tsakiyar jinya tsohon kuka ne a ƙasar nan. A cikin wannan hali ma'aikatan ke tsara layi, su sa wanda daji ya danne wa laka a gaba, domin shi sa'o'i ne tsakaninsa da shanyewar ƙafafu.

Sanin lokacin janye hannu

Ƙololuwar gwanintar ita ce iya cewa a'a. Idan mai ciwo ya kai ga ba ya iya kwanciya rigingine na minti goma, ko ciki ya cika da ruwa, ko alamu sun nuna kwanaki suka rage, gashi ba zai sami lokacin yin aiki ba, wahalar mota kuma za ta fi amfanin yawa. Likita nagari yakan zaunar da babban ɗa ko uwargida ya ce, "Ku mai da Baba gida, ga maganin ciwo, ga yadda za a ba shi, ga lambar da za ku kira." Maganin mofin na sha, idan aka bi ƙa'idar likita, yana kashe ciwo mai tsanani, kuma rahama ce da bai kamata a ji tsoronta ba. Mutumin da ke da inji mai tsada a hannunsa, da iyali masu roƙo a gabansa, amma ya ƙi karɓar kuɗinsu don ya san ba zai amfane su ba, ya haɗa ilimi da tsoron Allah.

Abin da waɗannan ma'aikata ke saya wa mai ciwo abu ne da kowane Bahaushe ya san darajarsa: barcin dare, salla cikin natsuwa, zama a ƙofar gida a gaisa da maƙwabta, halartar ɗaurin auren 'ya, da hankalin da zai biya bashi ya bar wasiyya.

Don haka, jama'ar karkara, duk baligin da shawara ta kama shi da ƙaiƙayi da farin bayan gida, a kai shi a ɗauki hoton ciki tun a makon farko. Ba kowace shawara ce daji ba, kuma wadda ta zama daji ta fi sauƙi idan an zo da wuri. A yi gwajin ciwon hanta, a yi wa jarirai allurar rigakafinsa tun ranar haihuwa. Idan likita ya ce aiki ba zai yiwu ba, kada ku tashi sai kun tambaye shi abu uku: za a iya buɗe hanyar da bututu, gashi zai rage ciwon, kuma wane magani za mu tafi da shi gida? Hukumomi kuma su sani sayen inji rabin aiki ne. A ba shi wuta, a biya kuɗin gyara, a horar da matasanmu su riƙe shi, a kuma tanadi makwanci ga 'yan jinyar da suka zo daga ƙauye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu kula da su da alheri.